Ranar da Hilakata Ya Tuɓe Jan Bargo

Ni dai tun ranar farko na faɗa wa Nemesio. Na ce, "Kai tsoho, bana ko ƙaiƙayi ne ya kama ka a gadon baya, ta saman bargo za ka sosa." Ya yi dariya ya ce ya ji. Mijina kuwa in ya ce maka ya ji, to kunnen ne kawai ya ji.

A Sikuyani ba a neman shugabanci. Shi ke bin gonaki ɗaya bayan ɗaya har ya iso taka, kuma ranar da ya iso, ko kana Ajantina kana ɗinkin wanduna sai ka tattaro ka dawo. In ka ƙi, gonar ubanka ta koma hannun wanda ya zauna. Mu a birnin El Alto ya riske mu, Nemesio na jan ƙaramar bas, ni ina sayar da miyar gyaɗa a bakin tasha, mun fi shekara ashirin rabonmu da yin damina a ƙauye. Ranar sabuwar shekara aka rataya masa bulala a kafaɗa, aka ba shi ƙahon kiran jama'a, aka zura masa jan bargon nan mai ramin wuya a tsakiya, ya zama hilakata, wato shugaban gari na shekara guda. Ni ma aka yafa mini baƙin gyale aka goya mini ƙunshin ganyen koka da ake taunawa a wurin zama, don a wurinmu namiji shi kaɗai rabin mutum ne, ba a ba rabin mutum gari.

Bargon ni na saƙa shi da hannuna. Gashin alfakar ƙanwata na karɓo, dabbar nan tamu mai dogon wuya da gashi kamar tunkiya, na kaɗa zaren a gaban tukunyar miya ina miƙa wa direbobi kwano da ɗaya hannun, na rina shi har sau biyu don jan farko bai yi mini ba. Idanuna sun ci wuya a kansa. Da na gama na shimfiɗa shi a kan gado, na tsaya ina kallo kamar ba ni na yi ba.

Ga dokar, kuma har kajin Sikuyani sun san ta. Muddin dankali na cikin ƙasa, hilakata ba ya tuɓe jan bargo a ƙarƙashin sama. Shi ne rufin gari. In ya tuɓe, ya yaye gonaki ke nan, ƙanƙara ta sami ƙofa. Wanda ya yi haka a karɓe bulalarsa a gaban kowa, gona kuma ta bi bulala. Tamu in ta tafi, wurin Baffa Rufino za ta, ƙanin mahaifin Nemesio, wanda dama shi ke nome ta duk shekarun da ba ma nan.

Baffa Rufino ɗan guntun tsoho ne, busasshe, mai baki kamar reza. Tunda al'ada ta ce bana kowa ɗan hilakata ne, dole shi ma ya kira ɗan wansa Tata, wato uba. Yana kira kuwa, sai dai ba ya barin kalmar ta fita ita kaɗai.

"Barka da hantsi, Tata direba. Yau wane layi za ka ja mu?"

Nemesio sai ya yi murmushi ya buɗe masa jakar koka. Ni ce dai nake haɗiyar magana.

Ban da wannan, gaskiya na ji daɗin makonnin farko fiye da yadda na zata. Da safe mu fita gida gida, shi a gaba ni a baya, a shimfiɗa mana fata, a ce "Tata, Mama, ku zauna," a kawo dankali mai zafi da cuku. Mu saurari ƙarar jakin wane da ya shiga sha'irin wane, mu raba faɗan surukai a kan iyakar kunya ɗaya. Nemesio da na sani yana zagin 'yan sandan hanya ta taga, sai ga shi zaune shiru yana tauna ganye, yana barin mutum ya amayar da duk abin da ke cikinsa kafin ya ce uffan. Gwiwoyina da tsayuwar tukunya ta kashe suka daina ciwo. Dankali ya yi fure, fari da shuɗi, tun daga bayan makaranta har gindin dutse. Wata rana da yamma ya ce mini, "Damiana, ashe gida da daɗi haka?" Na ce, "Yau ka sani?" Amma ni ma a raina abin da nake faɗa ke nan.

Sai aka shiga kwanakin ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar da sama ta ɗan buɗe, muka ce bari mu hau mu dubo fadama.

Fadamar tana can sama da gari, kuma duk alfakar Sikuyani a nan suke ci, rani da damina. Ba ita ta yi kanta ba. Kakanni ne suka haƙa magudana daga idon ruwa suka bi da ita ta kafaɗar dutse, tana zubar da ruwa kaɗan kaɗan har ciyawa ta yi kauri kamar katifa. Akwai wata kwana da magudanar ke bi ta bakin kwazazzabo. Tun kafin mu kai nan na ji ƙarar da ban so ba.

Bakin magudanar ya ɓalle. Ruwan gaba ɗaya ya bar hanyarsa yana kwarara cikin kwazazzabo, yana cin gefen fadamar, muna tsaye muna gani curi guda na ƙasa da ciyawarsa ya tsage ya rufta. Wani curin ya bi shi. Kowa a nan ya san abin da ya sami mutanen ƙauyen da ke bayan dutse: kwazazzabo ya ci tasu fadamar har idon ruwa cikin damina ɗaya, yanzu wurin ƙura ce kawai, sun sayar da dabbobinsu sun watse birni.

Nemesio ya faɗa cikin ruwan har gwiwa. Ya jera duwatsu, ruwa ya kwashe. Na sassaro masa curin ciyawa da 'yar fartanyar da nake tonon magani da ita, ya danna, ruwa ya ɗaga ya yi gaba da shi. Muka sake, muka sake. Ramin sai ƙara buɗewa yake. Ya miƙe yana haki yana dube-dube, babu itace, babu buhu, babu komai a saman nan sai ciyawa da iska. Sai na ga hannayensa sun nufi wuyansa.

Na ce, "Nemesio, kada ka soma."

Ya ce, "Minti kaɗan ne."

"Kada ka soma, na ce! Kana hauka ne? Dankali na fure!"

Ina rufe baki bargo ya riga ya fita ta kansa. Ya ninka shi biyu, ya shimfiɗa a bakin ramin, ya taka gefe ɗaya da ƙafa ya danne ɗayan da dutse. Ya daka mini tsawa, "Ciyawa, Damiana!" To me zan yi? In tsaya ina karanta masa doka ruwa na cin gari? Na sara, na miƙa, na sara, na miƙa, ina zaginsa ina miƙawa. Wannan karon bargon ya riƙe ƙasar, ƙasar ta riƙe duwatsu. Muka yi ta lafta masa har ya ɓace, sai ɗan jan baki da ke leƙowa. Ruwa ya yi jim kamar mai shawara, sannan ya juya ya kama tsohuwar hanyarsa.

Mijina ya fito yana rawar sanyi, ba komai a jikinsa sai tsohuwar rigar ƙungiyar direbobi mai sunan layinsu a baya, yana washe baki kamar wanda ya ci gasa. Ya ce, "Kin gani? Bari in jawo shi in matse." Na ce, "Ja mana, ka ga abin da zai biyo shi." Ya dubi wurin, ya dube ni, murmushin ya tafi. Na ɗaga kai, can kan tudu sai ga Mama Bonifasiya tsaye cikin garkenta, mazari a hannu ya daina juyawa. Bonifasiya mutuniyar kirki ce, amma cikinta ba ya riƙe ko ruwan sanyi. Labarin ya riga mu isa gida.

Washegari shiru. Nemesio ya ƙi fita, tunda a ƙarƙashin rufin ɗaki ba laifi. Na fara cewa ko Uwar Ƙasa, mai kula da gonakinmu, ta kau da kai. Kashegarin wannan da azahar sama ta yi baƙi ƙirin ta gabas, iska ta tsaya cak, karnuka suka shige ƙarƙashin murhu. Ƙanƙara ta sauko. Ba ta daɗe ba, ba ta kuma game gari ba, ziri guda ta yi kamar an ja wuƙa, ta bi gonaki 'yan kaɗan. Kuma don ta ja mana magana sosai, wadda ta fi daka ita ce ta Baffa Rufino.

Kada ka tambaye ni ko bargon ne ya jawo ta. Na zauna a birni, na ji masu rediyo suna bayanin iska mai zafi da mai sanyi. Amma na je na ga gonar tsohon nan da idona, furanni a ƙasa, ganye a yayyage kamar awaki sun kwana ciki, kuma ban iya ce wa kaina ba ruwanmu ba. Tsoro ya kama ni sosai, kunya ta fi tsoron.

Aka kira taro a filin makaranta da hantsi. Nemesio ba zai fita tsirara ba, ba shi kuma da wani jan, sai na yafa masa bargon gadonmu mai ruwan toka na soke shi da fil ɗin gyalena. Yana tafe bulala a kafaɗa, bargon na jan ƙasa, mata na rufe baki da hannu. Na ce masa a hankali, "Ɗaga kai, ba akuya ka sata ba."

Maza suka zauna a gefensu, mata a namu, aka shimfiɗa zanen koka a tsakiya. Tata Zenobio ne ya riƙe taron, tunda ba a sa mai laifi ya yi wa kansa shari'a. Shi ne mafi tsufa cikin waɗanda suka taɓa riƙe bulala, ido ɗaya ya tafi, haƙora sun bi shi, amma kansa garau.

Baffa Rufino ya taso da dami a hannu, ya zube shi a kan zanen. Karyayyun rassan dankali ne da furensu.

Ya ce, "Ga abincina na bana. Ban zo da dogon zance ba. An ba mutum gari ya rufe, ya yaye shi don ya ji zafi ko don me, oho. A birni in ka gaji da riga sai ka jefa ta bayan kujera. To nan ba bas ba ce."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baffa, faɗi gaskiya dai, gona kake so! Tun ranar da muka sauka kake lissafin kunyoyinta da ido!"

Wuri ya ɗauki guna-guni. Tata Zenobio ya ɗaga hannu, ya juyo da idonsa mai gani wajena.

"Mama, zauna. Bana Rufino ɗanki ne. Ɗa ya zo yana kukan an cinye masa abinci, sai uwa ta tashi ta zage shi?"

Aka yi dariya, har da masu jin haushinmu. Na zauna fuskata na zafi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tsohon yana da gaskiya.

Aka ce Nemesio ya yi magana. Ya tashi yana riƙe da bargon gado kada ya zame. Ya ce, "Iyayena, 'yan'uwana, na tuɓe. Ba wanda ya yi mini ƙarya. Magudana ce ta ɓalle a kwanar kwazazzabo, na rasa abin tarewa." Ya koma ya zauna. Shi ke nan fa! Mutumin da zai yi awa guda yana gardama da fasinja a kan canji, yau da gonar ubansa ke kan faifai, abin da ya samu ya faɗa ke nan.

Tata Zenobio ya ce, "Bargon yana ina?"

"Yana can."

"To ai ba a yi wa wanda ba ya nan shari'a. Ku tashi mu je mu same shi."

Haka gari ya ɗunguma ya hau dutse, tsofaffi na tsayawa suna numfashi, Tata Zenobio a kan jaki. Rana ta fito sosai, fadama ta yi kore shar, 'ya'yan alfaka na tsalle da jan zare a kunnuwansu. Muka kai kwanar. Ruwa na bin hanyarsa lafiya lau. A ƙasa ga sabon tsagin da ya fara ci, baƙi, ya shiga cikin fadamar ya fi tsawon ɗaki, ya tsaya. Ga kuma ɗan jan bakin bargona yana leƙowa daga ƙarƙashin ciyawa, ya sha laka. Na kau da kai, don ganinsa ya sosa mini rai fiye da yadda na zata.

Baffa Rufino ya gangara cikin kwazazzabon da sandarsa. Ya zunguri nan, ya zunguri can, ya ɗaga kai ya auna tsakanin tsagin da idon ruwa. Ya daɗe a ƙasa. Da ya hauro, ransa a ɓace, na ce a raina, to, ya ga gona na shirin kuɓuce masa.

Ya tsaya a gaban Nemesio, kansa bai kai kafaɗarsa ba. Ya kama ƙahon da ke rataye a ƙirjin mijina ya girgiza.

"Wannan na ado ne?"

Nemesio ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake! Juya ka duba. Hayaƙin gidan wa ke can? Ko tari ka yi da ƙarfi daga nan ina ji. A shekarata wurin nan ya ɓalle, ya fi haka. Busa ɗaya na yi, gari ya hau da fartanya da damin ciyawa. Ni da ubanka muka tsaya cikin ruwan nan har ƙugu, mata suka shimfiɗa abinci a can, kafin la'asar an gama, ba wanda ya tuɓe ko hula. Kai kuma ka zo kai da matarka kamar ɓarayi, kuka yi aikin gari a ɓoye. Mun mutu ne? Ko ka ga na tsufa ba zan iya ɗaga curin ƙasa ba?"

Muryarsa ta karye a kan wannan ta ƙarshen. Sai a lokacin na gane, ashe ba gona ke cin tsohon ba. Na ji kamar in nutse.

Nemesio ya ce, "Baffa, wallahi bai zo mini a rai ba. Shekara da shekaru in taya ta fashe mini a hanya, ni nake sauka in canza, fasinja na zaune suna kallon agogo. Na saba." Ya sosa ƙeya. "Kuma gaskiya ban iya busa shi ba. Ranar da na gwada a bayan gida, jakin maƙwabta ne kawai ya amsa."

Wayyo, dariya! Bonifasiya har da zama a ƙasa. Wani daga baya ya ce ai da ya busa, ko jakin ne ya zo ya kawo ciyawa. Baffa Rufino kaɗai bai yi ba, ya juya baya yana share hanci da bakin hularsa.

Tata Zenobio ya bari aka lafa, ya sa aka sauke shi daga jaki, ya zuba wa ƙasa 'yar barasa kamar yadda ake yi, sannan ya yi magana.

"Bargo dai ga shi, bai gudu ba, yana kan aikinsa. Ba zan ce an jefar da shi ba. Amma ƙanƙara ta sauka, ita ma ba zan ce ba ta sauka ba. Ranar girbi kowane gida zai bar kunya ɗaya ga waɗanda ta daka, gidan hilakata ya bar biyu. Babban laifin shi ne wanda Rufino ya faɗa. Ka sace mana gayya, Tata. Za ka biya ta: ka kira mu, mu gina kwanar nan da dutse, kai da Mama ku ciyar da mu."

Na sauke ajiyar zuciya. Ashe da saura.

"Sai maganar bulala. Ba a riƙe ta da bargon gado. Wancan kuwa in aka zaro shi, fadama ta tafi. Mama, sabo zai ɗauke ki wane lokaci?"

Na so in yi ƙarya, amma duk matan da ke wurin masaƙa ne. Na ce, "Kafin in kaɗa, in rina, in saƙa, an yi girbi."

"Gari ba zai zauna a yaye har girbi ba," in ji shi. Ya tauna ganyensa. "Rufino, kai aka yi wa ɓarna, kai ne kuma mai bin gonar. Me ka ce?"

Baffa Rufino ya juya. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar gidansa, ko waiwaye babu.

Na ce shi ke nan, wannan amsa ce. Muka zazzauna a kan ciyawa ba mai kallon wani. Nemesio ya kai hannu ya taɓa bulalar, ya fara laluben ɗaurinta. Na riƙe masa hannu na ce, "Bari sai an ce ka cire." Na buɗe ƙunshina na zagaya da koka, don ko yau za a sauke ni, har yanzu ni ce uwar gari. Ina miƙa wa mutane ina tunanin tashar El Alto, da hayaƙin motoci, da tsayuwar tukunya, zuciyata na yi mini nauyi. Ban san na so wurin nan haka ba sai da na ga zan bar shi.

Can sai Bonifasiya ta ce, "Ga shi nan fa yana dawowa."

Yana tafe a hankali da ƙunshi a hammata. Da ya iso ya durƙusa ya kwance, ƙanshin ganyen da ake sa wa kaya don asu ya tashi. Jan bargo ne, tsoho, jan ya koma kamar na busasshen barkono, saƙar kuwa irin ta da ce, matsattsiya, wadda ruwa ba ya ratsawa. Tsofaffin mata suka kama baki. Ba wanda bai gane shi ba. Na shekararsa ne, marigayiya matarsa ta saƙa masa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe bulala a Sikuyani da nasa ake binne shi.

Ya ce wa Nemesio, "Sunkuyo. Ka cika tsawo kamar ubanka."

Ya fizge bargon gadon ya jefo mini, ya zura masa nasa ta ka, ya ja shi da ƙarfi ta nan da ta nan kamar mai yi wa jaki shimfiɗa. Bargon ko cinya bai rufe masa ba. Ba wanda ya yi dariya.

"Aro ne," in ji shi. "Ana gama girbi ka dawo mini da abina. In kuma ka kuskura ka toshe wani rami da shi, ni da kaina zan tura ka ciki."

Nemesio ya shafa bargon da hannu. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini ba shiri, a gaban Bonifasiya da kowa, kuma na tsani a ga kukana. Na goge da bakin gyale, na matsa kusa da tsohon. Godiya nake son yi, amma bakina bai saba da shi ta wannan hanyar ba.

Na ce, "To Baffa, kada ka kuskura ka mutu kafin girbi."

Ya harare ni sama da ƙasa.

"In mutu in tafi da me? Tsirara?"

Ya tuɓe takalmansa na taya ya ajiye a kan dutse, ya naɗe wando, ya karɓi 'yar fartanyata, bai jira ranar gayya ba. Shi ya fara shiga ruwan.